Yadda za ka gano mawaƙan Haiti mata, ka kuma tallafa musu ta hanyar da kuɗin zai kai hannunsu

Duk wanda ya nemi waƙar Haiti a YouTube, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ƙungiyoyin kiɗan konpa: Tabou Combo, T-Vice, Klass, Nu Look da ire-irensu, maza reras a kan dandamali, kowa da kayan kiɗansa. Sai mutum ya ɗauka mata ba sa waƙa a ƙasar. Suna yi, kuma sun daɗe suna yi. Matsalar ita ce tun da Nemours Jean-Baptiste ya kafa konpa a 1955, harkar ta tashi ne a hannun manyan ƙungiyoyin maza, su ke da gidajen rawa, su ke da rediyo, su ke da masu shirya taro. Manhajar waƙa kuwa abin da aka fi saurare take turo maka. In ka zuba mata ido, ba za ta taɓa kai ka wurin matan ba. Sai ka tashi ka neme su da suna, daga wannan ka kama zaren waccan.

Fara da kalmomin da su kansu suke amfani da su

Haiti na da harsunan hukuma biyu, Kiriyol da Faransanci, amma Kiriyol ne harshen kowa da kowa, kuma da shi ake yawancin waƙa. Neman da aka yi da Turanci yana kai mutum ga jerin waƙoƙin da baƙi suka haɗa. Rubuta waɗannan a maimakonsa: chantèz ayisyèn, wato mawaƙiya 'yar Haiti, rap kreyòl fanm, wato gambarar Kiriyol ta mata, mizik ayisyen nouvo, sababbin waƙoƙin Haiti. Wanda ya iya Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, ya ƙara da chanteuse haïtienne da rappeuse haïtienne, domin jaridun ƙasar sun fi rubutu da Faransanci. Akwai kuma haruffa uku da masu harkar ke liƙa wa kusan komai, HMI, da shi suke nufin masana'antar waƙarsu gaba ɗaya.

Abin da ke ɓatar da sabon shiga shi ne rubutun kalma. Kiɗa ɗaya ne ake rubutawa konpa, kompa ko compas. Ƙasar kanta Ayiti ce a Kiriyol. Birnin Cap-Haïtien, Okap suke ce masa. Kowace siga da sakamakon da take fitarwa, don haka a gwada su duka.

Sannan ka san irin kiɗan da kake nema, don kada ka ji ɗaya bai yi maka ba ka ce ka gama da waƙar Haiti. Konpa kiɗan rawar mutum biyu ne, mai tafiya a hankali. Twoubadou ƙaramar ƙungiya ce da jita da ganga da caki, waƙar soyayya da habaici. Rara kiɗan titi ne na lokacin azumin Kirista kafin Ista, ana busa vaksin, wato guntun gora mai fitar da sauti ɗaya tak. Kowane mai busa da nasa sautin, sai sun jera su ɗaya bayan ɗaya sannan karin waƙar ya fito. Rabòday kiɗan kwamfuta ne mai sauri na matasan Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Rap kreyòl kuma ya faro tun shekarun 1980, ana danganta kafuwarsa da Master Dji. Sai rasin, wanda ke buƙatar bayani a fili: ma'anar kalmar saiwa, kuma kiɗa ne da ya ɗauko gangunansa da yawancin baitocinsa daga addinin gargajiya na Vodou, mai asali daga Dahomey da ƙasar Yarabawa da Kongo. Wanda ba ya son sauraren irin wannan saboda addininsa, gara ya sani tun da wuri ya zaɓi wani layin. Akwai na soyayya, akwai na siyasa, akwai na coci. Ba daga Dahomey da Kongo kaɗai aka kwaso bayi zuwa Haiti ba: a takardun gonakin ƙasar na zamanin da Faransawa ke kiranta Saint-Domingue, kafin 'yancin 1804, an rubuta Hausawa cikin bayin da aka kai can.

Sunayen da za ka riƙe a matsayin turaku

Kada ka fara da 'yan yayi. Fara da iyaye, domin da yawa daga matasan yau waƙoƙinsu suke maimaitawa, kuma in ba ka san tushe ba ba za ka gane abin da ake yi ba. Lumane Casimir ta yi tashe a ƙarshen shekarun 1940, ta kuma rasu cikin talauci. Martha Jean-Claude an ɗaure ta a 1952, ta yi gudun hijira zuwa Kuba, ba ta sake taka ƙasarta ba sai bayan faɗuwar mulkin kama-karya na gidan Duvalier a 1986. Emerante de Pradines ta kusa cika shekara ɗari kafin ta rasu a 2018. Toto Bissainthe, haifaffiyar Cap-Haïtien a 1934, 'yar wasan kwaikwayo ce kuma mawaƙiya da ta daɗe a Faransa, ta rasu a 1994. Akwai kuma Carole Demesmin da Farah Juste.

Hanya mafi sauƙi ta shiga wannan zamani ita ce kundin da Nathalie Joachim ta fitar a 2019 mai suna Fanm d'Ayiti, ma'ana matan Haiti. Ita mai busa sarewa ce da aka haifa a Brooklyn, ta koma ƙasar iyayenta ta zauna da tsofaffin mawaƙa mata ta naɗi muryoyinsu, ta saka maganarsu a tsakanin waƙoƙin. Kundin ya shiga takarar Grammy. Saurare shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, da biro a hannu, ka rubuta duk sunan da ka gani a bayanin waƙoƙin. Daga wannan kundi kaɗai za ka tashi da sunaye da za su ishe ka bincike na mako guda.

Bayan su sai Emeline Michel ta Gonaïves, wadda ake yi wa kirari da sarauniyar waƙar Haiti, ita ce kuma ta rera waƙa a shirin talabijin na tara agaji da aka yi a Amurka bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairu 2010. A ɓangaren rasin, mata biyu na ɓoye a bayan sunan ƙungiya: Mimerose Beaubrun tana cikin waɗanda suka kafa Boukman Eksperyans, Lunise Morse kuma ita ce muryar mace a ƙungiyar RAM. In ka nemi sunansu kai tsaye ba za ka samu abu da yawa ba, sai ka nemi ƙungiyar.

Cikin masu tashe yanzu, Rutshelle Guillaume ce ta fi faɗin suna. Ita aka ba kyautar gwarzuwar mawaƙan yankin Karebiya a bikin Trace da aka yi a Kigali a 2023. Tare da ita akwai Darline Desca, Fatima Altieri, Anie Alerte, Tifane da Bedjine, wadda galibi za ka same ta tare da abokin waƙarta K-Dilak. A gambara, sunan farko Princess Eud ne, ta tsaya a fagen da kusan duk maza ne, tana kuma sana'ar ɗinkin tufafi. Sai Kanis, mai haɗa Kiriyol da Faransanci da Turanci. A nan a kula: da can Niska ake kiranta, don haka tsofaffin waƙoƙinta na ƙarƙashin wancan suna. Sauya suna irin wannan yana raba aikin mawaƙiya gida biyu a manhaja, mutum ya ga rabi ya ɗauka shi ke nan. A Montreal ta Kanada akwai J.Kyll ta ƙungiyar Muzion, tun ƙarshen shekarun 1990 take gambara.

'Ya'yan Haiti da ke ƙetare ma fage ne mai zaman kansa. Mélissa Laveaux, wadda ta tashi a Kanada, ta gina kundinta na 2018 a kan waƙoƙin da talakawa suka riƙa yi lokacin mamayar sojan Amurka daga 1915 zuwa 1934. Leyla McCalla ta New Orleans ta yi aiki da taskar muryoyin gidan Radio Haiti da ke Jami'ar Duke, ta fitar da kundi daga ciki a 2022. Moonlight Benjamin na zaune a Faransa, muryarta kakkaura a kan jita mai ƙarfi. Dominique Fils-Aimé ta Montreal jaz take yi, ta ci kyautar Juno ta Kanada.

Yadda ake bin zare

Ɗauki suna ɗaya, a ce Rutshelle. Buɗe shafinta a Spotify ko Audiomack ko YouTube Music, ka danna alamar bi. Sannan ka gangara can ƙasa. Sashe biyu ne ke da amfani: wanda ke nuna mawaƙan da masu sauraronta ke so, da wanda ke nuna waƙoƙin wasu da ta fito a ciki. Na biyun ya fi muhimmanci, domin a harkar Haiti mace kan fara ne da amshi ko da baiti ɗaya a waƙar namiji. Duk inda ka ga feat. ko ft. da sunan mace a gaba, rubuta shi. Duk inda ka ji muryar mace a amshi amma babu sunanta a kan waƙar, buɗe bayanin da ke ƙasan bidiyon, ko ka duba sharhin masu kallo; 'yan Haiti ba sa rasa wanda zai ambace ta.

Haɗa jerin waƙoƙi na mata zalla, kamar ashirin zuwa talatin, ka saurare shi kwana bakwai zuwa goma ba tare da ka gauraya shi da wani abu ba. Manhajar na koyo ne daga abin da ka saurara har ƙarshe, da abin da ka adana, da abin da ka tsallake. Bayan kwanakin nan shawarwarinta za su fara sauyawa. In ka bar ta tana zaɓar maka waƙa da kanta bayan jerinka ya ƙare, za ta mayar da kai wurin ƙungiyoyin maza, don haka a kashe wannan maɓallin a makon farko.

Manhaja ba ta san wadda ta fara jiya ba. Wannan sai 'yan jarida. Le Nouvelliste, jaridar da aka kafa a 1898, tana da sashen nishaɗi mai suna Ticket. AyiboPost na yin dogayen rahotanni, wani lokaci har kan halin da mawaƙa ke ciki. Chokarella na Carel Pedre na hira da mawaƙa. The Haitian Times ta New York da Turanci take fita. Manhajar fassara ta Google tana ɗaukar Kiriyol na Haiti tana kuma ɗaukar Hausa. Tana isa a gane kan labari, amma tana tuntuɓe a baitin waƙa, musamman gambara mai cike da karin maganar titi. Duba kuma jerin waɗanda aka gayyata bikin jaz na Port-au-Prince, PAPJAZZ, da ake yi tun 2007, ka tsamo matan ciki shekara bayan shekara. Lokutan da sababbin waƙoƙi suka fi fitowa su ne gab da kanaval, bikin kiɗa da rawa a titi, a Janairu da Fabrairu, da watan Mayu saboda ranar tuta ta 18 ga wata, da 8 ga Maris, ranar mata, lokacin da gidajen rediyo ke tuna cewa akwai su.

Tabbatar da shafin nata ne

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma a nan ake asara. Waƙar mawaƙiya ɗaya kan kasance a shafuka biyar ko shida a YouTube, ɗaya ne kawai nata, sauran na masu kwafa ne da ke cin kuɗin talla da guminta. Duba gefen sunan shafin: na mawaƙi na ainihi yana ɗauke da 'yar alamar kiɗa ko alamar tantancewa. In babu, buɗe bayanin bidiyon. Na gaskiya zai jera wanda ya rubuta, wanda ya haɗa kiɗa, wanda ya ɗauki hoto, ya kuma sa mahaɗin da zai kai ka Instagram ɗinta. Na bogi zai cika wurin da alamun neman jama'a da roƙon a yi rajista, ka kuma ga shafin yana ɗauke da waƙoƙin mutum hamsin daban-daban. Hanya mafi aminci ita ce ka faro daga Instagram ko Facebook ɗinta da aka tantance, ka bi mahaɗin da ta sa da hannunta.

Inda kuɗin yake

Saurare a manhaja tallafi ne, amma ƙarami. Spotify, wadda ta buɗe a Najeriya da Haiti a 2021, ba ta ƙirga saurare sai ya kai daƙiƙa 30, kuma tun 2024 waƙar da ba ta samu saurare 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, ba a biyan komai a kanta. Wannan ya nuna inda saurarenka ya fi amfani: wurin ƙananan mawaƙan da ke gab da wannan iyaka, ba wurin wadda ta tara miliyoyi ba. Abin da ake biya kuma ya danganta da kuɗin da aka tara a ƙasar mai sauraren, shi ya sa saurare daga Kano ko Zinder bai kai na New York kawo kuɗi ba. Duk da haka yana da wata daraja: mawaƙiya na ganin biranen da ake jin ta, kuma da wannan take nuna wa masu shirya taro cewa tana da jama'a a Afirka.

Kada ka kunna waƙa ɗaya ta kwana tana maimaituwa, kada kuma ka biya masu sayar da saurare na bogi da sunan taimako. Manhajojin na gano wannan, su soke ƙidayar, wani lokaci su ci tarar kamfanin da ke raba waƙar ko su cire ta gaba ɗaya. Ka zo gyara ka ɓata.

Saye ya fi saurare nesa ba kusa ba. A Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, kamfanin na ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na cinikin waƙa da kashi 10 na kaya kamar riga da faifai, sai ɗan kuɗin hada-hada. Kundin dala 10 yana barin kusan dala 8 ga mawaƙiyar ko kamfaninta, abin da sai an saurari waƙa dubbai kafin a tara shi. Akwai wasu ranakun Juma'a da Bandcamp ke yafe kasonsa, ana sanar da su tun da wuri. In za ka iya jira, saya a ranar. Waɗanda ke ƙetare irin su Leyla McCalla da Nathalie Joachim sun fi samuwa a can. Na cikin gida sun fi dogara da YouTube da Audiomack, ita kuma Audiomack tana da tsarin da mai saurare ke biyan kuɗi kai tsaye a kan waƙa a sa sunansa cikin masu tallafa mata, in mawaƙiyar ta buɗe shi. Abin da kan kawo cikas daga ɓangarenmu shi ne kati: ba kowane katin naira ke biyan dala ba, wasu kuma suna da iyakar wata. Tambayi bankinka kafin ka fara, ko ka yi amfani da katin dala. Yi gwaji da waƙa ɗaya ta dala ɗaya ka ga ta wuce, sannan ka sayi kundi.

Aika kuɗi kai tsaye yana yiwuwa, amma nan ne 'yan damfara suka yi sansani. A cikin Haiti ana amfani da MonCash na Digicel da NatCash na Natcom, kuɗin ƙasar kuma gourde ne. Ba mawaƙiyar da za ta shigo akwatin saƙonka tana neman ka tura mata kuɗin asibiti. Duk asusun da ba a shafinta da aka tantance ka gan shi a fili ba, ka bar shi. In gidauniya aka buɗe da sunanta, jira har ita ta ambace ta da bakinta a bidiyo.

Dalilin da ya sa wannan ya zama da gaggawa shi ne mawaƙan Haiti da wasan dandamali suke ci, ba da faifai ba, dandamalin kuma ya ƙuntata. Tun bayan kisan shugaba Jovenel Moïse a 7 ga Yuli 2021, 'yan daba masu makamai suka mamaye yawancin Port-au-Prince, wuraren wasa suka rufe, mutane suka daina fita dare. Otal ɗin Oloffson, inda RAM ta shekara da shekaru tana wasa duk daren Alhamis, an ƙone shi a Yulin 2025. Wadda ta samu biza tana zuwa Miami ko Montreal ko Faris ta yi wasa. Wadda ba ta samu ba, wayarta ce dandamalinta. Saboda haka in aka sanar da wasan da za a nuna kai tsaye ta intanet da tikiti, sayen tikitin babban tallafi ne. Lissafa lokaci da kyau: daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba muna gaban Haiti da awa biyar, sauran watanni da awa shida. Wasan ƙarfe takwas na dare a can, ƙarfe ɗaya ko biyu na tsakar dare ne a Najeriya da Nijar. Tambayi ko tikitin ya haɗa da damar kallo washegari.

Tallafin da ba ya cin ko sisi

Mun saba tura waƙa a WhatsApp ko a kai waya shago a loda. Ga mawaƙiyar da ke lissafin kowane saurare, fayil ɗin da aka tura wa mutum ɗari saurare ɗari ne da suka salwanta. Tura mahaɗin shafinta a maimakon fayil. Mai ƙarancin data ya sauke waƙar a cikin manhajar ya saurara daga can. In za ka yi bidiyo a TikTok ko Instagram, ɗauki sautin daga shafinta, kada ka ɗora naka kwafin, domin sai an yi amfani da nata ne ƙidayar ke komawa gare ta. Mai gabatar da shiri a rediyo ko mai sa kiɗa a biki ya faɗi sunanta da ƙasarta, ya kuma koyi furucin: a Kiriyol ana karanta harafi kamar yadda aka rubuta shi, ou kuma u ne, ch kuma sh.

Sharhi ma yana da tasiri, musamman a awannin farko bayan fitar waƙa. Rubuta shi da harshenta ko da gajere ne. Mèsi anpil, na gode ƙwarai. Bèl mizik, waƙa ta yi daɗi. M ap koute w depi Nijerya, ina sauraren ki daga Najeriya. Ɗan Nijar ya sa Nijè. Kenbe la, ki dage kada ki karaya. In kana son saye ba ka ga inda ake sayarwa ba, tambaye ta: Ki kote m ka achte mizik ou? Sharhin ya tsaya kan murya da baiti da kiɗa. Shafukan mawaƙa mata a Haiti cike suke da maganar jikinsu da aurensu da wanda suke so, ba sa buƙatar ƙari daga wata nahiya. In ka ga ana cin zarafinta, kai ƙarar sharhin ta maɓallin da aka tanada, kada ka tsaya cacar baki, domin kowace amsa tana ƙara ɗaga zagin sama ne.

Mawaƙi ko mai haɗa kiɗa da ke son aiki da ɗaya daga cikinsu ya rubuta wa adireshin hulɗar kasuwanci da ke shafinta, da Faransanci ko Turanci, ya aika samfurin aikinsa, a kuma rubuta kason kowa a takarda a sa hannu kafin a naɗi ko baiti ɗaya. A tabbata sunanta ya fito a kan waƙar a matsayin mawaƙiya, ba a bayanin ƙasa kaɗai ba, domin da haka ne waƙar za ta bayyana a shafinta na manhaja kuma kasonta ya riƙa shiga asusunta.